Zabirar Sarkin Aska

Ranar Laraba da hantsi aka mayar wa Anas goronsa na sa rana.

Ba mace aka aiko ba, kamar yadda aka saba in ana son a rufa wa juna asiri. Ɗanbaba, Sarkin Askar Yelwan Yawuri, shi da kansa ya ɗaure goron a bayan kekensa, ya turo har zauren Malam Gidaɗo, baffan Anas, ya dire shi a gaban mutum uku da suka zo gaisuwa.

"Gidaɗo, ga kayanku. Zumunci shina nan inda iyaye sunka bar shi. Aure dai babu."

Malam Gidaɗo ya saki tasbahar da ke hannunsa.

"Subhanallahi! Sarki, mi munka yi muku? Wata biyu ya rage ɗaurin aure."

"Ba ku yi komi ba. Jininku ne bai da kyau. Shekara arba'in ina kallon jinin mutanen Yawuri, babu mai koya mini shi. Ɗiyata ba za ta haihi masu ciwon suga ba."

Ya kaɗe rigarsa, ya hau keke, ya tafi.

Maganar ba sabuwa ba ce a gari. Anas makanikin injin jirgi ne a bakin gulbi, ɗan shekara talatin da ɗaya. A da shi kaɗai yake sungumar inji daga bayan jirgi ya kai shi rumfa. Sai bara aka ga yana ramewa, ga shan ruwa kamar raƙumi, ga zagayawa bayan rumfa bini-bini. Wata rana abokan aikinsa suka tarar kiyashi sun yi baƙi a inda ya tsuguna. Kafin azahar labari ya kai kasuwar albasa. Washegari masu jirgi suka tsallaka da labarin har Warra.

A Yelwa kuwa kowa likita ne. Suka ce suga ciwon tsofaffin alhazai ne masu tumbi. In ya kama saurayi siriri, to gado ne, jinin gidan ne ya lalace. Mata kuma suka ƙara nasu a bakin rijiya, murya ƙasa-ƙasa, wai mai suga ba ya riƙe mace.

Wadda ake wa duk wannan shari'a, Zulai'atu, malamar firamare ce. Shekara huɗu tana jiran Anas ya gama ɗakinsa. A cikin shekarun nan huɗu babu Juma'ar da Maikuɗi, dillalin albasa mai loda tireloli zuwa kudu, bai faka fijonsa a ƙofar gidansu ba. Ba ta taɓa fita ba. Shi ma bai taɓa fushi ba. Mai sayen albasa ya iya jira.

Anas ba ya gari ranar da aka mayar da goron. Sati uku ke nan yana wani babban asibiti a Zariya. A motar dawowa ya ji labarin kansa, daga bakin wata mai kifi da ke kujerar baya, wadda ba ta san shi ba. Har da ƙarin cewa an yanke masa ƙafa.

* * *

Bayan la'asar ranar Alhamis suka haɗu a gidan Gwaggo Hasiya, ƙanwar Ɗanbaba, wadda ita da yayanta ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Ta shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro, ta koma bakin murhu ta juya baya.

Zulai'atu ta dube shi sau ɗaya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Agogonsa ya zame har tsakiyar hannu.

"Yaya Anas, haka ka koma?"

"Abincin asibiti ne, Zulai. Ba gishiri, ba mai."

"Kar ka yi mini wasa. Wallahi kar ka yi mini wasa yau." Kuka ya ƙwace mata. "Sati uku ko saƙon baki babu. Ina ɗaki ina ji Baba ya ɗaure goronka a keke. Na riƙe masa ƙafa, ya ce in sake shi ko ya yi mini baki. Yau a makaranta yara sunka tambaye ni wai an fasa bikin Malama. Mi zan ce musu?"

Ya bari ta yi mai isarta. Sannan ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ya miƙa mata.

"Ke kika yi boko. Karanta."

Ta share ido ta karanta, ta sake karantawa.

"Ciwon hanta? Ni suga aka ce mini."

"Duka biyun. Amma ɗaya ne ya haihi ɗaya." Ya gyara zama. "Na samu wani likita, Yohanna, mutumin Zuru. Da ya ji daga Yawuri nake sai ya ja kujera ya zauna. Ya ce ban yi kama da masu suga ba. Ba ƙiba, ba tsuhwa, kuma babu mai shi a danginmu. Sai ya sa anka ɗebi jinina anka yi wani gwaji sabo. Ashe wata ƙwayar cuta ce ke zaune a hantata, sun ce mata nau'in si. Ta yi shekaru a ciki ban sani ba. Ba ta ciwo, ba ta zazzaɓi, aiki take a ɓoye."

"To ina ruwan hanta da suga?"

"Haka na tambaye shi. Ya ce jikin mutum na yin wani abu, insulin, shi ke kai suga daga jini zuwa tsoka don a samu ƙarhi. Nawa jikin shina yin sa, har ya wuce na wasu. Amma cutar hanta ta sa tsokar ta bar jin maganarsa. Sai na ce, Likita, ai wannan aikina ne. Tanki cike da mai, bututu ya toshe, inji na mutuwa da ƙishi. Ya yi dariya ya ce in zo in karɓi kujerarsa. Ya ce kwanan nan likitoci sunka fara lura da haka, masu wagga cuta suga na yawan kama su."

Zulai'atu ta miƙe a kan gwiwoyinta.

"Ke nan ba gado ba ne?"

"Ba gado ba ne."

"'Ya'yanmu..."

"Ba za su gada daga gare ni ba. Ba ta bin kwano, ba ta bin gaisawa. Ya ce ko tsakanin miji da mata da wuya take tsallakawa. Jini take bi, jini cikin jini. Suga kuma ana riƙe shi da ƙwaya da kiyaye ciki. Hantar ce dai maganinta ke da nisa, kuma ba kowa yake wa aiki ba. Ban ɓoye miki ba."

"Ni ban tambaye ka shekara nawa za ka yi ba! Ko ɗaya ce ina so." Tana dariya hawaye na zuba. "Gwaggo! Gwaggo, kin ji? Ba gado ba ne! Tashi, Yaya Anas, tashi mu kai wa Baba. Abin da ya ce ke nan, jinin gida. To ga takarda ta wanke gidanku."

Bai tashi ba.

"Zulai, zauna."

"Mi kuma?"

"In na ce ba gado ba ne, za su ce to ina na samo ta."

"Sai ka hwaɗi. Ina ka samo ta?"

Ya kalli ƙasa. Ya tsinci wani busasshen ganye ya murje shi.

"Likita ya tambaye ni ko an taɓa ƙara mini jini. Na ce a'a. Ya ce allura fa? Na ce ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sai ya ce in tuɓe riga zai auna ni. Da ya zagaya bayana sai ya tsaya. Ya ce, waɗannan layukan na mi ne? Na ce ƙaho ne, sau biyu a shekara, tun ina ɗan sha biyar. Ya ce aska ɗaya ake yi muku da ita? Na ce wanzami ai aska ɗaya gare shi, ya goge a tsumma ya kama na gaba. Ya ce kaciya fa? Na ce mu goma sha ɗaya anka jera, shekarar fari."

Dariyar ta bushe a fuskarta.

"Wa ya yi muku?"

"Kin san wanzamin gidanmu."

Gwaggo Hasiya ta daina juya miya.

Anas ya ci gaba: "Likita ya ce ba zai rantse ba. Ya ce babu mai iya nuna askar da ta yi. Amma ni tun Zariya nake ƙirga mu. Auwal ɗan Indo, shi ke gabana a layi. Kin tuna yadda ya rasu bara, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, anka ce sammu ne. Nasiru tela shi ke bayana. Wata shida ke nan ya bar shan shayi da sukari, yana ce wa mutane haƙori ne."

"Ƙarya ne," in ji Zulai'atu. Ba da ƙarfi ta faɗa ba. "Babana ne ya cire wa rabin garin nan beli. Da askar nan anka ciyar da ni, anka kai ni kwalejin malamai. Baba bai taɓa..."

"Bai sani ba. Wa ya sani? Ni ban riƙe shi ba, wallahi."

Ta yi ta kuka har sautin ya ƙare, sai kafaɗa ke motsi. Can ta ɗago.

"Ka hwaɗi. Gobe ka zo ka hwaɗi."

"In tona wa ubanki asiri in aure ki?"

"In ba ka tona nasa ba, naka za su ƙirƙira. Na san su. Ka zaɓe ni, Yaya Anas. Sau ɗaya a rayuwa wani ya zaɓe ni a kan kunya."

Ya karɓi takardar ya ninke. Ya mayar da ita aljihu.

* * *

Malam Gidaɗo ya aika neman a zauna. Ɗanbaba ya ce su zo Juma'a da safe. Duk wanda ya san wanzami ya san wannan ba karramawa ba ce, don safiyar Juma'a zaurensa cike yake da masu aski.

Suka tarar da mutum shida a jere. Wanda ke gaban Ɗanbaba a durƙushe, rabin kai fari rabi baƙi, Maikuɗi ne. Kwana huɗu da yin askinsa, amma ya ji za a yi zama, sai suma ta dame shi.

"Ku hwaɗi abin da ya kawo ku, hannuna na aiki kunnena na ji," in ji Ɗanbaba.

Malam Gidaɗo ya buɗe magana.

"Sarki, ka ce jininmu bai da kyau. To yaro ya dawo da shaidar likita. Suga nasa ba gado ba ne. Wata cuta ce ta shiga hantarsa ta jawo shi. Anas, yi musu bayani."

Anas ya yi bayani, na hanta, na tanki da bututu. Dattawa suna gyaɗa kai. Wani ya ce Allah mai iko.

Maikuɗi ya yi gyaran murya ba tare da ya ɗago ba.

"Malam makaniki, Allah shi ba ka lahiya. Ni jahili ne, albasa na sani. Wagga cuta, ka ce shiga ta yi. Ta ina? Iska ce ko ruwan gulbi?"

"Jini take bi."

"Jini!" Ya ɗan juyo, askar ta karce shi a bayan kunne. Ɗanbaba ya shafe jinin da babban yatsa, ya goge askar a tsumman da ke kan cinyarsa, ya ci gaba. Anas ya bi tsumman da ido. Maikuɗi ya ɗora: "To ai mu ma muna sauraron rediyo. Mun san cutar da ke bin jini, ta rame da mutum. Mun san kuma inda ake samo ta. Sau nawa kake zuwa Anaca can kudu sayen kayan inji a shekara? Wurin wa kake sauka?"

Anas ya dube shi.

"Ba ƙanjamau ba ne. An gwada, babu."

"Ai ban ce shi ne ba. Ƙanensa ne ko yayansa, ni ban sani ba. Tambaya dai na yi. Mutum bai gada ba, ba a ƙara masa jini ba, to ta wace ƙohwa?"

Malam Gidaɗo ya juyo, idonsa ja.

"Yi magana, ɗana. Kana ji ana zaginka a gaban dattawa. Likita bai gaya maka ba? Hwaɗi, ko mi ne ne, ina bayanka."

Anas ya ɗaga kai. A bayan ƙofar da ke shiga cikin gida ya hango gefen mayafi ruwan toka. Ya san mai shi. Ya san abin da take roƙo.

Sai ya dubi Ɗanbaba. Tsohon ya tsayar da aiki, askar na sama, bai kalli kowa ba sai ƙeyar Maikuɗi. Wannan hannu ne ya yi wa Anas askin suna. Ranar da jirgi ya kife da ubansa a tafkin Kainji, wannan hannu ne ya kama shi ya kai shi gaban gawa.

"Ban sani ba," in ji Anas.

"Ba ka sani ba?"

"Ban sani ba, Baffa."

Wani dattijo ya ja tsaki. Maikuɗi ya shafa kansa ya ce Allah shi shirye mu baki ɗaya. Malam Gidaɗo ya miƙe, ya nemi takalmansa har sau biyu bai gan su ba alhali suna gabansa. Ya zo wanke sunan gida, ya koma da wanda ya fi na farko datti.

A bayan ƙofa mayafin ya ɓace.

Anas na bakin zaure Ɗanbaba ya ce, ba tare da ya dube shi ba:

"In an sauko masallaci ka dawo. Kai kaɗai."

* * *

Zauren babu kowa da ya dawo. An share gashi an tara a kusurwa. Ɗanbaba na zaune a kan buzu, zabirarsa a gaba, wato jakar fatar da wanzami ke zuba asake da ƙaho.

"Zauna. Ka ci abinci?"

"Na ci, Baba."

"Ƙarya kake. Ba komi." Ya daɗe yana murza igiyar zabirar. "Ni ban yi boko ba, Anas, allo ma ban yi nisa ba. Amma na iya ƙirga kawuna, sana'ata ce. Auwal. Nasiru. Kai. Da wasu biyu a Shanga da ba ka sani ba. Duka hannuna."

Anas ya ɗago.

"Ka sani?"

"Sani sai Allah. Zargi dai na shiga tun ran da na ga gawar Auwal. Yau da ka ce jini take bi, ka kalli tsummana, na gama."

"To don mi ka mayar da goron? Don mi ka ce jininmu ne?"

"Da in ce mi? In ce wa Gidaɗo ban ba ku ɗiyata don ina tsoron abin da na zuba wa ɗanku ya kashe shi ya bar ta da takaba?" Ya saki igiyar zabirar. "Bar wannan. Yau ka yi abin da ɗan cikina ba zai yi ba. Ka sha zagi a gaban wanga mai warin albasa ka rufe ni. Ni ba butulu ba ne. Zan ba ka Zulai."

Anas ya zuba masa ido. Tsohon ya ci gaba.

"Zan aika wa Gidaɗo gobe. In ce na yi istihara. Wanda ya ce ƙanjamau ne shi zo shi same ni, wa zai yarda Sarkin Aska ya ba mai ƙanjamau ɗiya? Sunanka ya wanku ke nan. Abu biyu nake so. Ka ba ni wagga takarda in sa a wuta. Ka kuma dahwa Alƙur'ani, ba za ka ambaci aska ba har ka shiga kabari."

"Na yarda, Baba. Na yarda. Abu ɗaya kawai." Ya matso. "Likita ya ce abin da sauƙi. A tafasa aska tsakanin mutum da mutum, ko kowa da sabuwar rezarsa. Na ji an sa ranar kaciyar yaran unguwar masunta, su goma sha huɗu. Ni zan kawo reza, babu wanda zai san daga ina."

Ɗanbaba ya yi wata dariya marar daɗi.

"Yaro ne kai har yanzu. Wagga aska ta kakana ce, mutane ita suke zuwa nema, sun ce da albarka a bakinta. Ran da na ɗora tukunya ina dahwa ta, ko na ɓare reza a gaban jama'a, za su ce Sarki mi ya hwaru? Yelwa ba wawaye ba ne. Kahin sati sun haɗa ɗaya da ɗaya. Indo tana nan da rai, kullum ta wuce ta ƙohwar nan ta gaishe ni, ta ce Allah shi saka mini da na yi wa Auwal ƙaho kyauta shina jinya. In tsaya in ce mata ni ne? Ran da na canza aska, ran nan na amsa laihi."

"Yara ne, Baba."

"Dubu nawa na yi wa suna nan garau? Allah ke tsarewa. Ba ciniki na kira ka ba. Ga Zulai, ga takarda. Ɗauki ɗaya."

Anas ya sa hannu a aljihu. Ya tuna ɗakin da ya yi shekara huɗu yana ginawa, bulo ɗaya bayan ɗaya. Ya tuna bai san shekara nawa hantar za ta ba shi ba. Yaran masunta bai san ko sunan ɗaya daga cikinsu ba. Mutum kuwa in ya so abu, hujja ba ta yi masa wuya.

Ya zaro takardar. Ya miƙa.

"In ka ba shi, ban aurenka."

Zulai'atu ce a bakin ƙofa. Inna Tabawa, mahaifiyarta, na riƙe da gefen zanenta tana ja, tana cewa, "Ke, zauren maza ne! Dawo, don girman Allah dawo!" Ta fizge ta shigo, ta durƙusa nesa da su duka biyun.

"Zulai," in ji Anas, "ke kika ce in zaɓe ki."

"Na ce. Jiya na ce ka tona wa ubana asiri ka same ni, don na ɗauka bai sani ba, in ya ji zai bari. Da sahe ka yi shiru, na shiga ɗaki na tsine wa kunyarka. Yanzu na ji komi." Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. "Yaran nan sha huɗu, biyar a ajina suke. Ni ke kiran sunansu kowace sahiya. Da su za a biya sadakina? In kwanta a ɗakinka, shekara ashirin in ga ɗayansu ya wuce ciki a kumbure, in ce masa sannu?"

"Tashi ki ba ni wuri!" Ɗanbaba ya daka tsawa. "Ni za ki yi wa wa'azi a zaurena?"

"Ba wa'azi ba ne, Baba. Kai ka haihe ni, ba zan hita titi in kira sunanka ba. Bakina ba zai iya ba. Amma roƙonka nake." Ta ja gwiwa ta matso, ta kama bakin buzunsa. "Tukunya ɗaya ce da ruwan zahi. Ni zan hura wutar. A cikin gida, ba wanda zai gani. Ka ce i, yanzu, in tashi in bi shi da albarkarka."

"Mutum sha huɗu a jere, in riƙa shiga gida tsakanin yaro da yaro? Ki ce dai in yi shela."

"Baba..."

"Na gama magana. In ba ki son wanga, ga Maikuɗi nan."

Ta saki buzun. Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta ɗago.

"Maikuɗi ya yi ta jira, ban hita ba, ba kuma zan hita ba. Yaya Anas, mayar da takardarka aljihu. Ba ka rantse wa kowa ba, bakinka naka ne. Ka yahe mini shekarunka huɗu." Ta juya ga ubanta. "Ni kuwa ina nan gidanka, Baba. Ba miji, ba ɗa. In yi maka tuwo, in wanke maka riga. Duk sahiyar da ka rataya zabira za ka hita, za ka same ni a bakin ƙohwa in ce maka a dawo lahiya. Ba zan ƙara komi a kai ba. Har ran da ka gaji da ganin idona."

Inna Tabawa ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka.

"Zulai, kar ki yi mana haka," in ji Anas. "Ban da lokacin jira. Kin san ban da shi."

"Na sani." Ta miƙe tana dafa bango. "Shi ma ya sani."

Ta shige ciki ba ta waiwayo ba.

Anas ya zauna da takarda a hannu, yana jiran tsohon ya ce wani abu, ko da zagi ne. Ɗanbaba ya kau da kai. Ya jawo zabirarsa kusa.

Anas ya tashi ya fita. Yana sunkuye a bakin zaure yana sa takalmi ya ji wani sauti a bayansa, a hankali, gaba da baya. Gobe Asabar, akwai suna a gida uku. Sarkin Aska na wasa askarsa.